Daga Gidan Kallo Zuwa Filin Wasa: Lissafin Mutumin Garo Mai Son Ganin Gasa A Ƙetare

A Garo, kamar sauran garuruwan da ke bakin titin Kano zuwa Gwarzo, gidan kallo ba ya ɓuya. Rumfa ce ta kwano, bencina a jere, talabijin biyu ko uku a rataye, janareta na ruri a baya, ga allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. A nan ake raba gardamar Arsenal da Chelsea, a nan ake yi wa alƙalin wasa tatas alhali bai san ana yi ba. Duk daren da Super Eagles ke fili kuwa, da zarar kyamara ta hasko wani ɗan Najeriya a cikin 'yan kallo ya shafe fuska da kore da fari, ba a rasa saurayin da zai bugi ƙirji ya ce shi ma wata rana da idonsa zai gani. Abokai su kwashe da dariya, su ce ya biya kuɗin kallon jiya tukuna.

Maganar tasa ba ta wauta ba ce, lissafin ne bai cika ba. Tikitin shiga fili, wanda kowa ke fara tambayar kuɗinsa, shi ne abu mafi araha a tafiyar baki ɗaya. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, kujera mafi sauƙi sefa 5,000 ce. A ta Maroko an faro daga dirhami 100. Ko gasar cin kofin duniya ta 2026, da aka yi ta kuka da tsadarta, hukumar FIFA ta buɗe cinikin ne da dala 60. Abin da ke kayar da mutum yana can baya, tun kafin ya hango ƙofar fili: takardu, canjin kuɗi, wurin kwana, da watan da gasar ta faɗo a shekarar manomi.

Akwai kuma wanda ba ya hannun kowa a Garo, wato ko 'yan wasan Najeriya za su kai labari.

Kanawa sun fi kowa sanin wannan, domin a gabansu aka yi. Ranar 18 ga Yunin 2005, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Najeriya ta karɓi baƙuncin Angola a wasan neman gurbin zuwa gasar duniya ta Jamus. Okocha ya ci da wuri, Figueiredo na Angola ya farke, aka tashi ɗaya da ɗaya cikin rana mai ƙuna. Ƙasashen biyu suka ƙare da maki 21 kowacce, amma da yake Angola ta riga ta ci Najeriya a Luwanda, ita ta wuce. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a lokacin, Alhaji Ibrahim Galadima, Bakano ne, kuma ya sha suka da ya nuna cewa zuwa gasar duniya ba gadon gidan Najeriya ba ne. Zamani ya gaskata shi. A Maris na 2022 Gana ta hana Najeriya zuwa gasar duniya ta Katar bayan kunnen doki a Abuja, har 'yan kallo suka afka cikin fili suka yi ɓarna. A ranar 16 ga Nuwamban 2025, a Rabat, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da ita daga neman gurbin gasar 2026 a bugun fenareti. Ƙasar da ta je gasar duniya sau shida tsakanin 1994 da 2018 ta rasa biyu a jere. Saboda haka wanda ya ɗora tanadinsa na shekara biyu a kan ƙafar Osimhen kaɗai ya yi ganganci. Ya dace tun farko ya yanke wa kansa hukunci: Super Eagles zai bi, ko gasar yake son gani ko da wa ke bugawa?

Ƙofar farko

Komai daga fasfo yake farawa, kuma fasfo ya yi tsada. Daga 1 ga Satumban 2025, mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Shekara ɗaya kafin nan rabin wannan ake biya. Idan aka tuna mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne, za a ga ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar Kabo ko ta Gwarzo sai ya haɗa da wani abu a kan albashin wata guda kafin ya riƙe ɗan littafin nan.

Kuɗin ma ba su ne ciwon kan ba. Ba a yin fasfo sai da lambar NIN, kuma dole abin da ke jikinta ya yi daidai da abin da mutum ya cike. A ƙauyukanmu abu ne sananne mutum ya zama Sani Garba a takardar firamare, Muhammad Sani a banki, Sani Garo a katin zaɓe, ranar haihuwa kuwa 1 ga Janairu kamar ta rabin garin. Gyaran wannan na iya cin makonni da jelen zuwa birni. Bayan nan sai ɗaukar hoto da zanen yatsu a ofishin shige da fice a Kano, sai jira. Ga katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ƙasashen Afirka ta Yamma ke tambaya a bakin iyaka. Ƙasashe da dama kuma suna son fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu. Wanda ya bari sai da aka raba rukuni sannan ya tashi neman waɗannan, a gidan kallo zai ƙare.

Hanyar Abijan

In ana maganar gasar da talaka zai iya kai kansa, ba a yi kamar ta Kwaddibuwa ba a 'yan shekarun nan. An fara ranar 13 ga Janairun 2024, aka ƙare 11 ga Fabrairu. Ba biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga ya zauna kwana 90. Ba dole sai jirgi ba. Mutum ya hau mota daga Garo zuwa Kano, ya kama safa a Sabon Gari zuwa Legas, daga nan ya bi gaɓar teku: Seme ya shiga Binin, ya ratsa Kwatano, ya tsallaka Togo, ya wuce Lome, ya shiga Gana ta Aflao, ya bi ta Akra har Elubo, ya faɗa Kwaddibuwa ta Noe. Daga Legas zuwa Abijan kilomita dubu ne da 'yan kai, a kan kusan dubun da ya riga ya ci daga Kano. Aljihunsa zai sauya kaya sau uku, daga naira zuwa sefa, zuwa sidi, ya sake komawa sefa, kuma a kowane canji sai an ɗan yage shi. Masu bin hanyar sun daɗe suna kuka da yawan shingaye da na goro, don haka mai hankali yakan ware ƙananan kuɗi a aljihu daban.

Tsohuwar hanyar arewa, ta Maraɗi da Yamai da Wagadugu, a rufe take a lokacin. Najeriya ta rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ana ma tsakiyar gasar ne, ranar 28 ga Janairu, Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS.

Abin da Bahaushe ya fi sauran 'yan Najeriya da shi a wannan hanya shi ne zango. Tun zamanin da fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, Hausawa suka kafa unguwanni a Salaga da Kumasi, daga baya Nima a Akra, da zangon Kwatano da na Lome. A Abijan, Adjame da Treichville cike suke da 'yan kasuwa masu jin Hausa, akasari daga Nijar. Baƙon da ya iso da sunan wani ɗan garinsu a baki, ko ya nemi gidan sarkin Hausawa, ko ya tsaya a masallaci bayan la'asar ya gabatar da kansa, da wuya ya kwana a titi. Zai sami tuwo, zai sami mai yi masa tafinta da Faransanci, zai sami wanda zai nuna masa motar da ke zuwa Ebimpe, inda babban filin Alassane Ouattara mai cin mutum 60,000 yake a wajen gari. Sai dai a faɗi gaskiya: kwana uku na baƙunta daban, wata guda daban. Wanda zai daɗe ya tafi da tsaraba, ya kuma sa hannu a cefane.

Sa'a ta kuma taimaka a wannan shekarar. Cikin wasanni bakwai da Najeriya ta buga, shida a Abijan aka yi su. Na kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu ne kawai ya kai mutane Buwake. Wato da masauki ɗaya mutum ya ga Kamaru ta sha biyu, ya ga Angola ta faɗi, ya ga Troost-Ekong ya ci da ka a wasan ƙarshe kafin Kessie da Haller su juya lamarin, masu gida su ɗauke kofin da ci biyu da ɗaya. Amma daga wasan farko ranar 14 ga Janairu zuwa na ƙarshe mako huɗu ne cur. Nasarar ƙungiya ita ke cinye guzurin mai binta, abin da yawancin masu lissafi ke mantawa ke nan. Sukan tanadi kuɗin wasanni uku na rukuni, sai ga shi ana ta ci.

Fas: ƙwallo da ziyara

Maroko wani karatu ne daban. Babu hanyar mota mai lafiya, sai jirgi zuwa Kasabalanka, kuma ɗan Najeriya sai da biza. Masu shirya gasar da aka fara ranar 21 ga Disamban 2025 suka fito da manhajar waya mai suna Yalla, ta nan ake karɓar shaidar ɗan kallo, ta nan ake neman izinin shiga ƙasar, kuma ba a sayar wa mutum tikiti sai da wannan shaida. Ma'ana, wanda ba shi da babbar waya, da adireshin imel, da katin banki mai aiki a waje, ya makale tun daga gida. Wannan ne sabon salon manyan gasa tun daga Rasha da Katar, kuma ba alamar za a koma baya.

Abin da ya ba tafiyar armashi ga Bakano shi ne birnin da aka ajiye Najeriya. A Fas ta buga wasanninta na rukuni da Tanzaniya da Tunisiya da Yuganda, a can kuma ta lallasa Mozambik. Fas kuwa ba baƙon suna ba ne a yammacin Kano. A nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda 'yan ɗariƙa daga Kano da Katsina da Kaulaha suke zuwa ziyara shekara da shekaru, kuma kamfanonin tafiye-tafiye na Kano sun san hanyar. Saurayin da ya ce wa mahaifinsa, Baba, zan je kallon ƙwallo, amsar da zai samu daban take da ta wanda ya ce zai je Fas. Daga nan gasar ta ja mutane zuwa Marrakesh, sai Rabat inda masu gida suka fitar da Najeriya a bugun fenareti, sai Kasabalanka inda ta karɓi na uku a hannun Masar. Kowane mataki kuɗin jirgin ƙasa ne da sabon ɗaki. Ga sanyi da ruwan hunturu, irin wanda rigar sanyin da ake sawa a Garo lokacin ɗari ba ta tare shi.

Masu cin kasuwa da burin mutane

Duk inda aka sassauta biza, 'yan damfara na nan tsaye. A gasar duniya ta 2018 Rasha ta yarda duk mai tikitin wasa ya shiga da shaidar ɗan kallo kawai. Waɗanda suka je don ƙwallo sun more: a Volgograd, ranar 22 ga Yuni, Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya zura wa Iceland biyu, kamar yadda ya yi wa Ajantina a Brazil shekara huɗu kafin nan. Amma akwai wasu da dillalai suka sayar wa shaidar da tsada, aka yi musu alƙawarin aiki ko kulob a Turai. Da suka isa aka soke tikitinsu na dawowa, suka rinƙa kwana a filayen jirgin Mosko da ƙofar ofishin jakadancin Najeriya, har sai da gwamnatin Buhari ta sa aka kwaso fiye da mutum ɗari a watan Yuli.

Alamomin ba su sauya ba. Wanda ya ce zai haɗa maka biza da tikiti da aiki a dunƙule, wanda ya ce ka ba shi fasfonka ya riƙe, wanda ba shi da ofis sai lambar WhatsApp, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Tikitin gaske a shafin FIFA ko na CAF ake sayensa, da sunan mai shi.

Batun Amurka kuwa gajere ne. Gasar 2026, mai ƙasashe 48 da wasanni 104 a Amurka da Kanada da Meziko, ta zo a lokacin da ƙofar ta fi ƙunci. Kuɗin neman bizar ziyara dala 185 ne, ba a mayarwa ko an hana ka, kuma sai ka je Abuja ko Legas an yi maka tambayoyi. A Yulin 2025 aka rage wa 'yan Najeriya bizar zuwa shiga ɗaya na wata uku. A Disamba gwamnatin Trump ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara daga farkon 2026, tare da Senegal da Kwaddibuwa waɗanda suka ma sami gurbin gasar. An keɓe 'yan wasa da masu horar da su, ba a keɓe 'yan kallo ba.

Naira da damina

A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin a buga wasan ƙarshe a Abijan ta doshi 1,500. Wanda ya shekara yana zuba adashi da naira don wannan tafiya ya wayi gari kuɗinsa sun zama kashi ɗaya cikin uku ba tare da ya taɓa su ba. Kujerar Hajji ma shaida ce: daga ƙasa da miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025.

A nan mutumin karkara ya fi ɗan birni dabara, in zai yi amfani da ita. Ba yau aka fara tara kuɗin Makka a jikin sa da tunkiya ba, ko a buhunan masara da waken suya da ake ajiyewa tun kaka a fitar da bazara. Dabba da hatsi sukan bi tashin farashi, takardar naira ba ta bi. Wasu kuma sukan riƙa zuwa Wapa a Fagge suna sayen dala kaɗan-kaɗan duk lokacin da hali ya yi. Kowace hanya da haɗarinta, sa na iya mutuwa, hatsi na iya karyewa kamar yadda manoma suka gani a 2025, amma duk sun fi a zuba kuɗi a asusu ana kallonsu suna narkewa.

Sai lokaci. Gasar Janairu ta dace da manomi: an gama girbi, an kai amfani gida, hannu da ɗan nauyi, in ba mai noman rani ba ne ba abin da zai tsare shi. Gasar Yuni da Yuli kuwa tana faɗowa ne daidai lokacin shuka da noman farko da sa taki, lokacin da kowace naira ke da gurbinta, kuma rashin maigida na mako uku na iya cin gonar shekara. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya, manomi sai ya bar ƙani ko ɗa tsayayye da kuɗin 'yan ƙwadago a hannu.

Akwai kuma maganar gari, wadda ba ta shiga lissafin kowane kamfanin tafiya. Mutumin da bai sauke farali ba ya kwashi miliyoyi ya tafi kallon ƙwallo, sai ya shirya jin ta a majalisa da wurin ɗaurin aure. Ba laifi ya yi ba, kuɗinsa ne, amma wanda zai yi ya tabbata ya bar buhu a gida, ya biya kuɗin makarantar yara, ya kuma nemi albarkar iyaye. Hajiya in ta ce a'a, tafiyar ta mutu ko da biza a hannu.

Abin da ke tafe

Gasar Afirka ta 2027 a Kenya da Yuganda da Tanzaniya za a yi ta, a tsakiyar shekara, wato cikin damina. Ƙasashe uku ne, kowacce da dokarta ta shiga, kuma bizar yawon buɗe ido ta bai ɗaya da ake yi a Gabashin Afirka ta haɗa Kenya da Yuganda da Ruwanda ne, ban da Tanzaniya. Sauƙin da ke akwai shi ne jirgin Habasha yana tashi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, daga can kuwa Nairobi da Entebbe da Darussalam duk kusa ne. Gasar duniya ta 2030 ta Maroko ce da Sifaniya da Fotugal. Ɓangaren Maroko mai yiwuwa ne ga wanda ya shirya, na Turai kuwa sai mai ƙwaƙƙwarar takardar banki.

Wadda ta fi dacewa da mutumin Garo ita ce ta 2034, da FIFA ta tabbatar wa Saudiyya ranar 11 ga Disamban 2024. An tsara wasannin a Riyad da Jidda da Khobar da Abha da sabon birnin Neom. Babu ƙasar waje da mutanen yankin nan suka sani kamar wannan. Sun san jirgin, sun san riyal, sun san abincin, kusan kowane gida yana da wanda ya je ko wanda ke zaune a can, kuma daga Jidda zuwa Makka tafiyar sa'a guda ce a mota, ga jirgin ƙasa na Haramaini da ke kaiwa har Madina. Tsarin adashin gata na Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa ta ƙaddamar a Kano a 2020 tare da bankin Jaiz ya riga ya koya wa mutane tara kuɗin tafiya a hankali cikin shekaru. Samari goma na gidan kallo ɗaya za su iya kafa irin nasu, da ma'aji amintacce da littafi, su riƙa juya kuɗin a kiwo.

Ga wanda ya ɗauki maganar da gaske, matakin farko ba ya buƙatar jiran jadawali ko sakamakon wasa. Ya je ya daidaita sunansa da ranar haihuwarsa a NIN, sannan ya auna fasfon da zai yi. Mai shekara biyar da aka karɓa a 2026 zai mutu a 2031, ya rufe Gabashin Afirka da Maroko kawai. Mai shekara goma zai kai 2036, ya haɗa har da Saudiyya, ga Umara ko Hajji in Allah ya kira a tsakani.